Ƙwai a gindin raga

Ɗana, saƙonka ya iso bayan la'asar, sai da na sa ƙanwarka ta karanta mini sau biyu, don dariya ta hana ni jin na farko. Wai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejinku ta sha kashi sau uku a jere a kakar bana, saura wasa biyu, shi ne 'yan wasa suka ce kowa ya kawo sefa dubu a kai wa malami ya yi layar da za a binne a gindin raga, kana tambaya ko haka aka gada. Dariyar ta ɗauke ne da na ji kuɗin littafin da uwarka ta ba ka kake shirin zubawa.

Mu ma mun yi, ba zan ɓoye maka ba. A 1978 ne, shekarar da Garwa ta samu filin wasa na Rumde Ajiya, ƙungiyar ƙwallon garin Coton Sport kuwa ko labarinta babu, sai 1986 aka kafa ta. Makarantarmu za ta kara da 'yan Pitowa a gidansu. Wani malami ya ba mu ƙwai guda, an zane shi da tawada, ya ce a binne shi cikin dare a ragar da za mu tsare. Mu uku muka tafi kan keke biyu, har da golanmu, ga hunturu yana yanka kunne. Muna cikin tono da wuƙa karnukan unguwar suka taso mana. Muka tura ƙasa da ƙafa muka ranta a na kare, ni har takalmina ɗaya na bari a can. Ba mu shigo Garwa ba sai da ladan ya yi kiran farko.

Da yamma alƙalin wasa ya jefa kwabo, 'yan Pitowa suka ci zaɓe, suka ɗauki ragar da ƙwanmu yake. Wato mun kwana a hanya muna yi wa abokan gaba aiki! Bayan hutun rabin lokaci muka dawo kan ƙwan, amma golanmu hamma kawai yake yi. Huɗu da nema aka tashi.

Kakanka bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙafata ya ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Kakarka kuwa ta ce tsafi gaskiyar mai shi, amma ita a saninta ƙwai na ci ne, kuma daga akurkinta aka ɗauke shi.

Abin da na tarar manya suna yi daban ne. Jajibirin wasa a zaga a gaida iyaye, su sa albarka, a sayi ƙosai a raba wa almajirai, a shafa fatiha, kowa ya kwanta da wuri. Ku yanzu wa kuke gaisarwa? Kuna kan waya har ƙarfe biyun dare, wasunku ma na ji har caca suke yi a kan wasan Turai. Vincent Aboubakar, tauraron ƙwallon Kamaru, a ƙurar garin nan ya taso, da asuba ake ganin irinsu a fili.

Ita tamaula ma ba ta da amana. A 2022 ina zaune a Rumde Ajiya Nijeriya ta cinye wasanninta uku na rukuni a gasar cin kofin Afirka, gari ya ɗauka kofi ya zo hannu, Tunisiya ta zo ta sallame su da ci ɗaya. Kana tsammanin addu'a ce ta yi musu ƙaranci?

Kuɗin littafin dai kada ka taɓa shi. Ka faɗa mini ranar wasan da wanda yake tsaron gidanku, in ƙafata ta bar ni zan zo. Ka gaida uwarka.