Allon cinya: yaushe ɗalibin tuƙin jirgi yake buƙatarsa?

Wani ɗalibi daga nan Sakkwato ya aiko da tambaya: "Kyaftin, barka da aiki. Na kusa fara darussan tashi. Wasu sun ce lallai in sayi allon rubutun nan da matuƙa ke ɗaurawa a cinya, wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce tunda akwai iPad. Wanne zan kama?"

Ɗana, saya, amma ba yau ba, kuma ba mai tsada ba.

A darussan farko, inda ake koya maka miƙe jirgi, juyi, hawa da gangarowa, da zagayen fili kana tashi kana sauka, babu abin rubutawa sai kaɗan: titin da ake amfani da shi, iska, da lambar QNH, wato matsin iskar da ake saita ma'aunin tsayi da shi. Ƙaramar takarda a aljihun riga ta isa. Hannun hagu na kan sitiyari, na dama na kan totur, idonka na waje. Ɗalibin da aka ɗora wa allo a wannan mataki yakan koyi sunkuyar da kai, kuma hali ne mai wuyar raba mutum da shi.

Ranar da aka fara ba ka tafiyar gari zuwa gari, nan allon yake zama dole. A ce daga filin Sultan Abubakar III za ka Gusau. Kana da alamomi a ƙasa: kwalta, madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, sannan garin kansa. Kowace alama da alƙiblarta, nisanta, lokacin da ka ƙiyasta da lokacin da ka iso da gaske, da man da ya saura. A gudun not 90 kana cin mil ɗaya da rabi kowane minti, wato mil 9 cikin minti 6. In ka makara da minti biyu a alamar farko, iska ce ke gaya maka magana, sai ka gyara sauran lissafin. Ba a riƙe wannan da ka, ga ƙarar inji, ga rediyo. Agogon ma na UTC ne, awa ɗaya bayan namu, kuma da shi ake rubutawa.

Sai maganar hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage. Za su ba ka titi, tsayi, lamba huɗu ta tiransifonda (na'urar da ke nuna jirginka a rada) da QNH, kuma sai ka maimaita musu. Rubuta tukuna, sannan ka danna maɓallin magana. In an ce QNH 1003 ka sa 1013, ma'aunin tsayi zai nuna kana sama da inda kake da kusan ƙafa 300, domin kowace lamba ɗaya kusan ƙafa 30 ce. A fili mai haske sai a ce da sauƙi. A hazon Janairu kuwa, ba wasa ba ne.

Irin da za ka nema: faranti guda na alminiyam ko roba mai tauri, girman takardar A5, wato kamar santimita 15 a faɗi, 21 a tsawo, da maɗanni a sama, da ɗamara mai roba ɗaya, da ramin fensir. Shi ke nan. Masu ninki uku da aljifai barkatai suna da kyau a hoto, amma in ka buɗe su fiffiken ɗaya kan hau totur ko ya tokare ƙofa. Ka kuma bincika irin jirgin makarantarku kafin ka biya, ko Zariya za ka ko Ilori. Cessna 172 sitiyari gare shi, kuma ga dogon mutum ƙasan sitiyarin kan goga allon in an juya shi har ƙarshe. Diamond DA40 sanda ce tsakanin ƙafafu, gefen allo mai faɗi yana hana ta kaiwa gefe. Saboda haka duban da ake yi kafin tashi, na kai sitiyari ko sanda gaba, baya, hagu, dama har iyaka, a yi shi allon yana ɗaure a inda zai zauna. In ya taɓa ko kaɗan, ja shi sama wajen ƙugu, ko ka cire.

Mai rubutu da dama ya ɗaura a cinyar dama. Bahago kuwa a kujerar hagu hannun rubutunsa shi ne na sitiyari, don haka sai ya daidaita tirim (abin da ke sauke wa hannu nauyin sitiyari) da kyau, jirgi ya tsaya da kansa, ya karɓa da dama kafin ya rubuta. Kada ka tamke ɗamarar har ƙafa ta yi sanyi, kana buƙatarta a kan feda.

Fensir ya fi biro, domin zafi na sa tawada ta yi yoyo. Riƙe biyu, ɗaya a ɗaure da zare a jikin allon. Abin da ya faɗi ƙasa cikin jirgi ba ya zama wuri ɗaya: yana gangarawa bayan feda ko cikin layin kujera, kuma ɗalibin da ya duƙa nemansa ya saki jirgi. In ya faɗi, ƙyale shi, ɗauki na biyu, ka nemo shi bayan an kashe inji. Kada kuma ka ajiye allo mai maganaɗisu ko ƙarfe a saman dashbod, kusa da kamfas, zai karkatar da ita.

Game da iPad, kayan aiki ne mai kyau, ban hana ba. Sai dai kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da shi tsakanin digiri 0 zuwa 35. Kai ka san Afrilun Sakkwato, inuwa ma tana haura 40, balle cikin jirgi mai rufin gilashi da ya sha rana a kan kwalta. Sai ya nuna gargaɗin zafi ya ɗauke, sau da yawa tun ba a bar ƙasa ba. Ko kana da shi, mitocin rediyo da alƙiblu su kasance a takarda.

Shafin sama ka tsara shi tun a ƙasa, da manyan baƙi: mitocin hasumiyar da za ka bari da wadda za ka tarar, 121.5 ta gaggawa, lambobin tiransifonda 7600 in rediyo ya mutu da 7700 in akwai matsala, da guraben da za ka cike. Jerin dubawa yana ƙarƙashinsa. Taswira ka ninke ta yadda hanyarka kawai take a buɗe.

Kallon allon kuwa sata-sata ake yi: daƙiƙa biyu ko uku, ka ɗaga kai. In abu na son dogon karatu, ɗago takardar zuwa saitin ido. Kada ka sunkuya kana cikin juyi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shafe iyakar ƙasa da sama. Ruwan cikin kunne yana ruɗewa, ka ɗago ka ji kamar jirgi ya karkata alhali bai karkata ba. Miƙe jirgin tukuna, ka rubuta.

In kun kai ga tashin dare, guji jan biro da jan alƙalamin maka a takarda ko taswira, don ƙarƙashin jar fitilar cikin jirgi ba a ganin su.