Yara huɗu a bayan aji sun ƙi karatu, wai Hausar gida ce ta ɓata su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a garin Gadarif da ke gabashin Sudan, ina koyar da Larabci a aji uku. Akwai yara huɗu 'ya'yan Hausawanmu da suka gudo daga garin Madani saboda yaƙi, kullum suna can bayan aji, ba sa ɗaga hannu, in aka yi imla, wato shifta, sai su miƙo min takarda fara fat. Shugaban makaranta ya ce rutanar da suke yi a gida ce, wato yaren da ba Larabci ba, in hana su, wanda ya yi in zane shi. Wallahi abin ya hana ni barci. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Ustaza, Allah ya saka da wannan damuwa taki. Kafin komai ki matso da su gaba ki duba ido da kunne, sau da yawa yaro ba ya ganin allo ne kuma kunya ta hana shi faɗa. Sannan ki tuna yaƙin nan tun Afrilun 2023 yake, a ƙarshen shekarar Madani ta watse, makarantu da yawa suka koma masaukin 'yan gudun hijira, yaron da ya daɗe haka bai riƙe alƙalami ba dole hannunsa ya yi nauyi.

Amma maganar rutana ita ce ta ɓata min rai, don kusan kullum sai na ji ta, daga malamai, daga masu duba makarantu, har iyaye sun fara hana yara Hausa a gida wai don Larabci ya zauna. Wa ya ce musu kan yaro kwano ne da sai an zubar da wani abu kafin a zuba wani? Yaron nan Hausa yake yi da uwarsa, darija, wato Larabcin yau da kullum, a kasuwa, a aji kuma a ce fusha, wato Larabcin littafi, harsuna uku kenan yana ɗan shekara tara, maimakon a jinjina masa sai a ɗauko bulala. To in kin dake shi don ya yi Hausa ba Larabci zai koya ba, shiru zai koya, kuma shirun nan shi kike gani a bayan aji. Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoto cewa yaro ya fi kama karatu da harshen uwarsa, mu har yau muna gardama. Kuma abin takaici kakannin yaran nan da haruffan Larabci suka rubuta Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, wanne ne ya ɓata wani? Je ki Mai Wurno, garin Fulani da Hausawa a nan Sudan, ki ga dattawa masu zuba fusha, a gida kuma Hausa ko Fulatanci.

Na taɓa samun wani yaro irin naki, wata biyu ban ji muryarsa ba. Ran nan na tsuguna kusa da shi na tambaye shi da Hausa yadda ake yankan riɗi, sai ga baki ya buɗe, yana nuna min da hannu yadda ake ɗaure dami a jingine shi ya bushe. Na ce rubuta min haka yadda ka faɗa, da haruffan da ka sani. Layi uku ya yi, ɗigon harafin ba da na harafin ta duk a hargitse, ban sa jan biro ba. Washegari muka mayar da su Larabci tare, ya karanta wa aji da kansa.

Ki yi haka da naki, minti goma kullum, su huɗun tare don kar ɗaya ya ji an ware shi. Kar ki tsayar da su karatu a gaban aji sai abin da suka riga suka karanta miki a gefe. Shi kuma shugaban kar ki yi musu da shi, ki adana takardunsu na yau, bayan wata guda ki kai masa tare da sababbin.