Filin Tambayoyin Masu Karatu: Sanyi da Fentin Bangon Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida mai hawa ɗaya a Agege, kuma ina so in sabunta fentin bangonsa na waje kafin bikin 'yata da za a yi a watan Janairu. Ɗana da ke karatu a Kanada ya ce in dakata, wai a can ba a fentin waje lokacin sanyi domin ba ya kamawa. Mai fentina kuwa ya ce hunturu ne ma lokacin aikin. Maganar wa zan ɗauka? Daga wani Alhaji, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai mu lokacin lafiya. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba, sai dai ƙasar da yake zaune yake ba ka labari, mai fentinka kuwa Legas yake magana a kai, kuma a nan shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Fentin ruwa da ake shafa wa bangon siminti, wato emolshan, ba bushewa kawai yake yi ba. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin danƙo da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwa tare da launi, kuma idan ruwan ya tafi sai su matsu, su haɗe da juna, su zama fata guda mai manne da bango. Wannan haɗuwa tana bukatar ɗumi. Idan bango ya yi sanyi ƙwarai, ƙwayoyin sukan taurare kamar yadda man kaɗanya ke daskarewa da hunturu, ruwan ya tafi ya bar su a jere ba su haɗu ba. Ranar farko fentin zai yi kyau a ido, amma bayan 'yan watanni sai ya tsattsage, ko ya zama gari yana bin rigar duk wanda ya jingina da bangon. Shi ya sa yawancin kamfanoni suke rubutawa a jikin bokiti cewa kada a shafa fentinsu idan zafin wuri ya gaza digiri 10 a ma'aunin Selshiyos, ko da yake akwai na musamman da ake yi wa ƙasashen sanyi, wanda yake kamawa har zuwa wajen digiri 2. Fentin mai da ake yi wa ƙofofi da tagogin ƙarfe kuwa iska ce take taurara shi, kuma sanyi yana rage masa sauri, har ya kwana yana danƙo.

To, a Legas da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20 ko da asubahin tsakiyar hunturu, da rana kuma yakan haura 30. Sanyin da yake sa mu nemi rigar sanyi a Agege bai kai rabin hanyar da zai dami fenti ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya ɗauke, laimar iska ta ragu, bango ya sami damar fitar da ruwan da ya sha tun Afrilu, saboda haka babu lokacin da ya fi wannan dacewa da fentin waje a duk shekara.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne raɓa. Legas tana tsakanin teku da tafki, kuma ko da hunturu iskar dare ba ta rabuwa da laima. Bango yana huce zafinsa cikin dare, da ya yi sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi sai laimar ta sauka a kansa. Duba gilashin motarka da ƙarfe shida na safe, abin da ka gani a kai shi ne a jikin bangonka, sai dai siminti yana shanye nasa, ba ya nunawa. Ƙa'idar da masana fenti suke bi ita ce zafin bango ya ɗara matakin saukar raɓa, wato matakin sanyin da laimar iska take fara zama raɓa, da aƙalla digiri 3, laimar iska kuma kada ta wuce kashi 85 cikin 100. Tun da ba kowa ke da na'urar auna wannan ba, lokaci ne zai zama ma'auninka: kada a taɓa bango da rola sai wajen ƙarfe goma na safe, kuma a tsaya kusan la'asar, domin shafar ƙarshe ta sami sa'o'i uku ko huɗu tana bushewa kafin raɓar dare ta sauko.

Bangon da ya fuskanci arewa yana bukatar ƙarin haƙuri. A watannin Disamba da Janairu rana tana karkata kudu a sararin Legas, don haka wannan bango kusan ba ya ganin haskenta kai tsaye, kuma shi ne na ƙarshe wajen bushewa. A bar shi sai tsakar rana. Bangon da rana take duka kai tsaye kuma, a jira inuwa ta zo masa, domin fentin da aka shafa a bango mai zafi yakan bushe ta sama ya bar cikinsa ɗanye, alamun rola kuma su fito layi-layi.

Sai ƙura. Hazon da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana isowa har bakin teku, kuma fentin da aka shafa a kan ƙura da ƙurar ya manne, ba da bango ba. A wanke bangon, a kankare tsohon fentin da ya ɗago, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, sa'annan kowace safiya a bi wurin da za a yi aiki da busasshen burushi. Ranar da hazo ya yi kauri har kana jin ƙura a haƙoranka, a ɗage fentin ƙofa da tagogi, saboda fentin mai yana daɗewa da danƙo, duk abin da iska ta kawo kuma a jikinsa zai zauna.

Akwai wani abu da ba na yanayi ba, wanda a ganina ya fi yanayin lalata fenti a garin nan. Mai fentin da aka yi jinga da shi yana so ya gama ya kama wani aikin, don haka sai ya ɗaura tsani tun bayan sallar asuba, ya yi shafa ta biyu kafin ta farko ta bushe, idan busasshiyar iska ta sa fentin ya yi kauri kuma ya tsuga masa ruwa ba awo. Ku yi magana tun kafin a fara: ƙarfe nawa za a soma, sa'o'i nawa za a bari tsakanin shafa da shafa, ruwa nawa za a ƙara, kuma biyun ƙarshe yawanci suna rubuce a jikin bokiti. Idan akwai inda aka yi sabon shafen siminti, a ba shi kwana 28 kafin fenti ya hau kansa. Tun da bikin a Janairu ne, a yi gyaran bangon tun farkon Disamba.

Tambaya: An yi wa gidanmu fenti a watan Yuli, lokacin da ake ɗan sanyin nan na damina. Yanzu ga wasu layuka masu sheƙi sun gangaro a bango, ƙasansa ya kumbura yana ɓarewa, wani gefen kuma ya yi kore. Fentin ne jabu? Daga wata Hajiya, Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, ba lalle ba ne fentin ya zama jabu, domin ko mafi tsada aka shafa a Yuli zai iya yin haka. Yuli da Agusta su ne watannin da rana ta fi sanyi a Legas, gajimare ya rufe sama, iska cike da laima, kuma suna biye da Yuni, watan da ruwa ya fi sauka. Ko ɗan tsagaitawar da ruwa yake yi a Agusta ba ta isa ta busar da bulon da ya yi wata uku yana shan ruwa.

Layukan masu sheƙi su ne mafi sauƙi. Wasu sinadarai ne masu kama da sabulu da ke cikin fentin ruwa, waɗanda laima ta jawo waje kafin fentin ya gama kamawa, kuma ruwa da soso mai laushi suna wanke su. Koren gansakuka ce, maganinta ruwan bilic da aka sirka da ruwa kashi uku, a shafa da safar hannu, a bar shi ɗan lokaci, a ɗauraye, kuma kada a haɗa shi da wani maganin wanki.

Kumburin ƙasan bango ne ya fi damuna. Ruwa ne a cikin bangon yake neman hanyar fita, kuma idan kin ga farin gari kamar gishiri a bayan fentin da ya ɓare, to ruwan ne ya narko da gishirin siminti. Ki sa a manna leda mai faɗin kamu biyu a wurin, a rufe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta ta kwana ta wuni. Idan aka ɗaga aka ga gumi a cikinta ko bangon ya yi duhu, akwai sauran ruwa. A duba ko indararo yana zuba a gindin bango, ko bututu ya fashe, ko kuma ruwan ƙasa ne yake hawowa ta tushen ginin, abin da ya zama ruwan dare a unguwannin da ke kwari. Sai an toshe hanyar ruwan, bangon ya bushe da hunturu, sa'annan a kankare a sa fentin share fage mai jure gishirin siminti, a biyo da na waje.

Tambaya: Ina kasuwanci a Mile 12, amma gidana yana Jos. Zan iya aika kuɗi a yi masa fenti a Janairu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, kai ne gargaɗin sanyi ya shafa. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin darenta yakan sauko kusa da digiri 10, wani lokaci ma ƙasa da haka, bango kuma yakan riƙe sanyin dare har hantsi ya ɗaga. Idan dole ne a Janairu, a yi aikin daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku na rana, a ajiye bokitan fentin a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba. Idan babu gaggawa, ka bari sai ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da sanyi ya sassauta kuma damina ba ta faɗi ba.