Muryar da aka turo guruf ɗin gida kan atishawar rumbu

Salamu alaikum. Yaya, na ji saƙonki tun safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce duk ranar da aka aiki yaron nan rumbu, ko ya ɗebo ma tumaki harawa, sai ya dawo da atishawa, ido jajur, ƙirji na shaƙewa, wansa kuwa ko gezau, wai ko sanyi ne. Ni dai na san abin da ke ranki, ko ƙarya yake don gudun aike. To ba ƙarya yake ba. Maganar sanyin nan kuma don Allah a aje ta.

Fumfuna ce. Harawar da aka ɗaure ba ta gama bushewa ba, da dawar da laima ta taɓa, nan take zama tana sakin irinta cikin iska. Na wadda ake ce ma Asfajilas bai wuce maikuron 2 zuwa 3 ba, ido ba ya gani, har can cikin huhu yake kaiwa. Kuma kowa na shaƙa, har ni har ke.

To garkuwar jiki ba fumfunar gaba ɗaya take gani ba. Ko furotin ɗin da ke jikinta ma ɗan gefe guda take riƙewa, shi ake kira efitof. Kamar Bafulatani ne a kasuwar Mai'adua, shanu cike da kara, tsagar kunne kawai zai duba ya ce wannan tawa ce. Akwai wani makami da jiki ke ƙerawa, IgE, wasu mata da miji 'yan Japan, su Ishizaka, suka gano shi a Amurka a 1966. Shi ne ke haddace tsagar. Karon farko ba a ganin komi. Sai ya je ya maƙale jikin wasu ƙwayoyin da ke hanci da huhu da fata, yana jira. Ran da furotin ɗin ya dawo ya kama IgE biyu lokaci guda, sai ƙwayar ta amayo wani sinadari, histamin, cikin 'yan mintuna ga majina, ga ƙaiƙayi.

A'a, tsaya, na yi gaggawa, ganewar iri biyu ce. Furotin zare ne dogo da aka naɗe, ki ɗauka rawanin hakimi ne ranar hawan sallah. IgE sau da yawa siffar naɗin yake ganewa, inda wancan bakin ƙyalle ya haɗu da wannan. In aka warware, siffar ta tafi. Su kuma ƙwayoyin T, wasu sojojin garkuwar jiki, ba ruwansu da naɗi, sai an daddatse masu furotin ɗin guntu-guntu, amino asid, wato tubalan da ke gina furotin, kamar 13 zuwa 25, an ɗora kan wani faranti da ake kira HLA an miƙa masu. In sun amince, su ke ba da umarni a ƙera IgE ɗin. Farantin nan gadonsa ake daga uwa da uba, kuma ba lalle wa da ƙane su sami iri ɗaya ba. Yana cikin dalilan da ɗaya ke wahala ɗaya na dariya.

Ni fa na sha wannan, shi ya sa abin ke mani zafi. Kin manta lokacin da ake kaina rumbun gona in dawo ina huci kamar zan shiɗe, a ce ragwanci ne? Shekara nawa wani mai kemis, ba zan kama suna ba, yana ɗura mani kafso na kashe ƙwayar cuta. Ja da baƙi, ja da baƙi, kuɗin Baba na tafiya. Wace ƙwayar cuta? Jikina ne ke faɗa da abin da bai kai a yi faɗa da shi ba. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ina na shiga ba. Sau ɗaya fa! Har yau in na bi ta layin... kai, a bar shi.

Me nake cewa? Yauwa, Bafulatanin. Wani lokaci saniyar wani tana da tsaga irin tasa, sai ya kama ta. Fumfuna daban-daban na da furotin masu kama da juna, don haka ki duba bangon ɗakinsu inda ya yi yoyo da damina, wannan baƙin ma zai iya tada mashi.

Na san Gwaggo za ta kawo zancen gyaɗa mai fumfuna. Wannan guba ce, afalatoksin, hanta take ci, ba hanyarsu ɗaya ba, sai wani jiƙon.

Yanzu dai a daina aika shi rumbu, in ya zama dole ya sa takunkumi. Ki kai shi asibiti ki faɗa masu daidai yadda kika faɗa mani, da rumbun da harawar. Akwai gwajin da ake ɗiga ruwan abin a fata a ɗan tsira, minti 15 wurin ya tasa in shi ne, ki tambaya ko suna yi. In kuwa ƙirjin ya fara fito da dare yana jan numfashi da ƙyar, kar ki jira gari ya waye, kar ki ce Piriton zai isa. An kira la'asar, bari in tashi.