Ina Zan Ɗora Shafina Ba Tare Da Na Biya Ko Sisi Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a kwalejin kimiyya da fasaha. Na koyi HTML da CSS, harsunan da ake gina shafi da su, har na haɗa wa yayata ɗan shafin intanet na ɗinkin da take yi, amma yana nan cikin kwamfutata, ba mai gani sai wanda na miƙa wa. Duk masu ba da masauki (wurin da ake ɗora shafi a intanet) da na duba dala suke so, ni kuwa kuɗin data ma da ƙyar. Akwai na kyauta da za a dogara da shi? Ɗalibarka daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai, kuma irin shafinki, da babu rumbun bayanai a bayansa, shi ya fi sauƙin samun wurin zama.

Ki fara da GitHub Pages don aikinki na koyo. Ki buɗe asusu, ki ƙirƙiri ma'ajiya (repository, wato wurin zuba fayiloli) da sunan asusunki haɗe da .github.io, ki zuba fayilolinki, ki tabbatar shafin farko sunansa index.html, da ƙananan baƙaƙe. Bayan 'yan mintoci sai ki buga adireshin a wayar ƙawarki ki gan shi ya buɗe. Ba a neman katin banki, kuma an ba ki har gigabait 1. Sai dai a asusun kyauta ma'ajiyar a buɗe take ga kowa, don haka kada kalmar sirri ta shiga ciki. Na biyu, dokarsu ta hana a mai da wurin shagon kasuwanci. Saboda haka na yayarki ki kai shi Netlify, wani masaukin kyauta: ki yi rajista, ki jawo foldar gaba ɗaya ki saka, shi ke nan.

Kafin ki ɗora, ki rage nauyin hotunan atamfa da leshin nan. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 ko 4, mai neman ɗinki kuwa da sabis ɗinta ke rawa ba za ta tsaya jiran guda goma su sauka ba.

Ran da kuka shiga PHP da MySQL, waɗanda ake haɗa shafi mai rumbun bayanai da su, GitHub Pages da Netlify ba za su ɗauka ba. Nan InfinityFree zai yi miki, amma don gwaji kawai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, kayan aro ba ya rufe katara. Heroku, masaukin da ɗalibai suka daɗe suna mora, ya soke tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022, 000webhost kuma ya rufe a 2024. Ni kaina na taɓa rasa aikin wata uku a wani masaukin kyauta: na tashi da safe na tarar an rufe asusun, ga shi a can nake ta gyare-gyare kai tsaye, ban ajiye kwafi ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ki riƙa gyara a kwamfutarki tukuna, ki ajiye kwafi a filas, sannan ki ɗora.

In kina da katin shaidar makaranta, ki nemi GitHub Student Developer Pack, kayan aikin kyauta da GitHub ke ba ɗalibai. A ciki akwai adireshi mai ƙarewa da .me kyauta na shekara ɗaya. Ki rubuta ranar ƙarewarsa a littafinki, domin daga nan biya ne.