Mun biya kuɗin shiga gonar 'ya'yan itace a Malesiya, abin da muka ci da wanda muka fito da shi duk halal ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mutumin Aliero ne, harkar albasa nake. Bayan babbar sallah na samu ɗan hutu sai muka tafi Malesiya ni da uwargida wajen yaronmu da ke karatu a Kuala Lumpur, sati biyu muka yi. Ana nan sai yaron ya ce lallai sai ya kai mu tsibirin Penang mu ga wata gonar 'ya'yan itace da masu yawon buɗe ido ke zuwa, muka je muka kwana biyu. A bakin get ake yankan tikiti, wani ma'aikaci ya zagaya da ku yana nuna muku itatuwa, daga ƙarshe a kai ku wata rumfa an jera kayan marmari a ce ku ci iya cikinku. Wallahi Malam mun ci, har da waɗanda ban taɓa jin sunansu ba. To da za mu fito uwargida ta ɗan zuba wasu a jakarta ta ce na dare ne a otal, shi kuma yaron ya karyo min ɗan reshe daga wata bishiya wai in gwada dasawa a garkata, ni ma na tara ƙwallayen waɗanda na sha a leda. Da na dawo na ba wani abokina labari sai ya ce ai cinikin kansa haramun ne tunda ba a san adadin da zan ci ba, wani kuma ya ce kar in damu mai gonar ba musulmi ba ne. Hankalina bai kwanta ba. Sannan kasaru da muka yi a Penang ta yi, tunda yawo ne kawai ya kai mu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji barka da dawowa, Allah ya yi wa yaro albarka ya ba shi ilimi mai amfani. Wannan rashin kwanciyar hankalin da ka ce kana ji a kan 'yan kayan marmari, alheri ne, kar ka bari kowa ya kashe maka shi da cewa abin bai taka kara ya karya ba.

Zuwan kansa babu komai a ciki. Allah da kansa ya ce a suratul An'am aya ta 99 mu dubi 'ya'yan itace idan suka fito da kuma lokacin da suka nuna, ya ce a cikin haka akwai ayoyi ga masu imani. Mutumin da ya tashi tsakanin mangwaro da gwaiba da kankana, ya je ya ga rambutan mai gashi ja kaman bushiya a ɓare a samu farin nama mai zaƙi a ciki, ya ga ƙasa ɗaya ruwa ɗaya amma ɗanɗano kala-kala, in ya ce Masha Allah la ƙuwwata illa billah kaman yadda aka koya mana a suratul Kahfi wajen shiga gona, to yawonsa ya zama tunani.

Yanzu maganar abokinka na farko. Bai yi magana a kan iska ba, gaskiya akwai asali a abin da ya faɗa, don Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san abin da zai fito ba, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi kaman caca. Kuma akwai malaman zamani da suka hana wannan tsari na biya ka ci iya cikinka saboda wannan hadisin, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni abin da na fi natsuwa da shi, kuma shi mafi yawan malamai suka tafi a kai, halal ne. Dalili kuwa shi ne ba kowane rashin sani ne ke ɓata ciniki ba, sai mai yawa wanda ke kai mutane ga rigima da cin dukiyar juna. Imam Nawawi ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan halaccin biyan kuɗi a shiga gidan wanka alhali wani zai kwarara ruwa da yawa wani kaɗan, wani ya daɗe wani ya fito nan take, haka kuma biyan mai ruwa a sha daga salkarsa alhali ba a auna cikin mai sha ba. Mu ma a nan ai muna yi kullum, ka shiga gidan wanka a tasha ka biya kuɗi ɗaya da wanda ya fi ka jiki, ba wanda ya taɓa kai ƙara wajen alƙali.

Kuma ka duba da kyau, mai gonar nan ya fi ka sanin lissafinsa. Shekara da shekaru yana karɓar baƙi, ya san iyakar abin da cikin ɗan Adam ke ɗauka, ya haɗa mai ci da yawa da mai ɗan taɓawa ya fitar da farashi da ribarsa a ciki. Kai ma ba kayan marmarin kaɗai ka biya ba, ka biya shiga da zagayawa da bayanin ma'aikaci. Kowa ya rabu da kowa yana murna. To ina gararin da zai haifar da faɗa? Abin da kuka ci a rumfar nan ya shiga cikinku halal, sai dai in an yi ɓarna, a gutsura a jefar a ɗauki wani don kawai an riga an biya, wannan kam ayar da ta ce ku ci daga 'ya'yansa idan ya yi 'ya'ya, ita ce dai ta ƙare da cewa kada ku yi almubazzaranci.

Inda matsalar take shi ne jakar Hajiya da reshen nan.

Tikitin da ka yanka izini ka saya, kuma izini yana da iyaka, mai abu ne ke yanka iyakar ba mai karɓa ba. An ce ku ci a nan. Lissafin mai gona gaba ɗaya a kan ciki ya gina shi, bai gina shi a kan ciki da jaka ba, da zai san kowane baƙo zai cika jaka da ya ninka farashin ko ya sa sikeli a ƙofa. Allah ya ce a suratun Nisa'i aya ta 29 kada mu ci dukiyoyinmu a tsakaninmu da ɓarna sai dai kasuwanci bisa yardar juna, to yardarsa ta tsaya a bakin rumfa. Na san Hajiya ba sata ta nufa ba, ɗabi'ar iyayenmu mata ce, ko biki suka je sai sun ƙullo wa na gida wani abu a haɓar zane, tausayi ne ke sa su. Amma abin mamaki wannan haɓar zanen ita ce dai hadisi ya ambata da sunanta. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Amru ɗan Shu'aibu daga babansa daga kakansa, an tambayi Annabi (SAW) a kan 'ya'yan itacen da ke rataye a bishiya, sai ya ce mabuƙacin da ya ci da bakinsa bai yi ƙunshi a tufafinsa ba babu komai a kansa, wanda kuwa ya fita da wani abu akwai tara da horo a kansa. Kalmar da aka yi amfani da ita khubna ce, abin da mutum ke naɗewa a gefen rigarsa ko zanensa ya tafi da shi. Ka ga har mai jin yunwa an ce ya ci amma kar ya ɗiba, to ina ga wanda ya ƙoshi har ya kasa tashi.

Wani zai ce ai akwai ruwayar da ta ba mai wucewa dama ya ci a gonar mutane. Akwai. Imam Ahmad ya yi aiki da ita idan gonar ba ta da shinge ba ta da mai gadi, sauran limaman kuma har da Imam Malik da muke bi a ƙasar nan sun ɗora ta a kan halin larura. Gonar da kuka je tana da get da mai yankan tikiti, ta fita daga wannan babin a wajen kowa, kuma ko shi Imam Ahmad ɗin bai ce a fita da komai ba.

Reshen ya fi damuna fiye da jakar ma. Kai manomi ne Alhaji, ka san abin da ake ji. Ka yi tunanin baƙo ya shigo garkarka ka karrama shi, da zai fita ya tumɓuke maka irin albasa daga bedi ya sa aljihu bai ce maka komai ba. Irin waɗannan gonakin wasu itatuwan daga wata ƙasa aka kawo su, an yi aure tsakanin iri da iri an yi shekaru ana raino, kuma galibi suna sayar da dashe da kansu, reshen kuɗi ne. In kowane baƙo zai karyi ɗaya bishiyar ba za ta kai baɗi ba. Yaro ya yi ne don ya faranta maka, a gaya masa da taushi, kar a yi masa faɗa a waya yana can ƙasar mutane shi kaɗai. Ka tuna Rafi'u ɗan Amru lokacin yana yaro yana jifan dabinon mutanen Madina aka kamo shi aka kawo wa Annabi (SAW), ya tambaye shi me ya sa, ya ce yunwa, sai ya ce masa kar ka yi jifa, ka ci wanda ya faɗo, kuma ya yi masa addu'a Allah ya ƙosar da shi. Duk shekara in Maris da Afrilu suka zo na ga yara sun taru a gindin mangwaron mutane da duwatsu da gora sai hadisin nan ya faɗo min, mu iyaye mun bar abin ya zama kaman wasa, mai bishiya in ya yi magana a ce marowaci ne.

Ƙwallayen da ka tara kuwa babu laifi ta ɓangaren mai gona, abin da ka sha ne ka rage, da ka bari shara za a zuba, kuma abin da al'ada ta nuna mai shi ya yafe ba a neman izini a kansa, sai in sun rubuta ko sun faɗa cewa kar a fita da iri. Sai dai akwai dokar ƙasa, shigo da iri da tsiro daga waje yana buƙatar izinin hukumar da ke killace kayan gona a filin jirgi, kuma doka ce ta maslaha don cuta ɗaya ko ƙwaro ɗaya da ya biyo ƙwallo zai iya shiga gonakin jama'a. Kafin ka shuka ka kai wa malaman gona su duba. Kuma kar ka sa rai da yawa, itatuwan can sun saba da ruwan sama da laima kusan duk shekara, mu nan hunturu ya busar da su sannan zafin bazara da ke haura digiri 40 ya ƙarasa.

Shi kuma abokinka na biyu da ya ce ai mai gonar ba musulmi ba ne, dan Allah ka gaya masa ya janye maganar nan, tana da hatsari sosai kuma tana ɓata mana suna a ƙasashen mutane. Ka shiga ƙasar da biza, biza alkawari ne na aminci, ka shiga gonar da tikiti, shi ma alkawari ne. A cikin Bukhari a ƙissar Hudaibiyya, Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane ya yaudare su ya kwashe dukiyarsu sannan ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya ce musuluncin na karɓa, dukiyar kuwa babu ruwana da ita. Waɗannan mushirikai ne fa, amma bai taɓa ko ƙwandala ba saboda ta hanyar cin amana ta zo. Haƙƙin wanda ba musulmi ba haƙƙi ne, ranar ƙiyama zai nema.

Kasaru a gurguje. A Kuala Lumpur tunda kun yi niyyar zaman da ya kai kwana 4 cikawa za ku yi. Zuwa Penang kuwa tafiyar ta haura kilomita 300, ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka gindaya nesa ba kusa ba, kwana biyu kawai kuka yi, kuma fita da iyali a huta a ga halittar Allah ba tafiyar saɓo ba ce. Sallarku ta yi. Abu ɗaya zan ƙara, in durian na cikin abin da kuka ci, wannan mai ƙaya da warin da har otal-otal ɗin can ke hana shiga da shi, halal ne musulmin Malesiya suna ci sosai, amma ina ganin ya kamata a bi da shi yadda hadisin Jabir ya ce a kan ɗanyar albasa da tafarnuwa, kar a shiga sahu da warin a cutar da mutane. Ku mutanen Aliero kun fi kowa sanin wannan babin.

Abin da za ku yi yanzu mai sauƙi ne. Kar ku yi saurin cewa za ku yi sadaka da kuɗin, sadaka sai an rasa mai haƙƙi, shi kuwa wannan yana nan, lambarsu na jikin tikiti ko a shafinsu na intanet kuma yaronku na ƙasar. Ya tura musu saƙo ko a WhatsApp ne, ya ce iyayena sun ziyarci gonarku mun fita da kaza da kaza da reshe ɗaya ba mu tambaya ba, nawa ne mu biya. In sun ce sun yafe shikenan, in sun yanka kuɗi ya biya ka mayar masa. In an yi ta nema ba su amsa ba, sai ku ƙiyasta kuɗin a farashin can ku ɗan ƙara a kai ku ba mabuƙata da niyyar sauke nauyi, ku yi istigfari kai da Hajiya da yaron.

Wallahu a'alam.