Na rataya kwalbar hamingbad, ko ɗaya bai leƙo ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. Bara na ga wasu 'yan tsuntsaye da ake kira hamingbad suna shan ruwa a wata jar kwalba a bayan gidan maƙwabciyata, suna tsaye cak a iska. Ni ma na sayi irinta a watan Yulin nan, na zuba zuma da ruwa, mako uku ke nan shiru. Ina kuskuren? Kuma shi ne sha-kaucin da muka sani a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, zubar da zumar nan yau. Idan ta haɗu da ruwa a zafin Houston, nan da nan take tsami ta yi fumfuna, kuma fumfunar na iya kama harshen tsuntsun. Farin sukari ake so, kofi 1 a cikin ruwa kofi 4, ki motsa har ya narke. Kada ki sa jan sukari, kada ki ƙara kala. Jan jikin kwalbar ya isa ya ja hankalinsu. Inda mutane suka fi sakaci shi ne wanki. A lokacin zafi ki canja ruwan duk kwana biyu, ki wanke kwalbar da ruwan zafi da ɗan buroshi, ki rataye ta a inuwa. Idan kin san ba za ki iya wannan ɗawainiyar ba, gara ki sauke ta ki dogara da furanni.

Shirun da kika ji kuwa, yawancinsa laifin watan Yuli ne. Irin da ya fi ratsa garinku shi ne wanda namijinsa ke da jan maƙogwaro, kuma matafiyi ne. Yana wucewa arewa daga Maris zuwa Mayu, ya dawo daga Agusta zuwa Oktoba, Satumba ce kasuwar ke ci. Nauyinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, amma wasunsu sukan tsallake Tekun Meziko, wajen kilomita 800, ba tare da sun sauka ba. Shi ya sa suke tsayawa a gaɓar Texas su yi ƙiba kafin tafiya, har garin Rockport ke yi musu biki duk Satumba. Ki yi haƙuri zuwa ƙarshen Agusta.

Kafin nan ki yi shuka. Sun fi son fure ja ko ruwan lemo mai siffar kakaki. A wurin masu sayar da shuke-shuke ki nemi Turk's cap, wanda ke jure inuwa, da firebush, da jar salvia. Ki tara su wuri guda don a hango su daga sama. Kuma ki bar feshin maganin ƙwari, domin ƙananan ƙwari ne namansu, da su uwa ke ciyar da 'ya'yanta, sannan da yanar gizo-gizo take ɗaure sheƙarta.

Idan sun fara zuwa za ki ga namiji ɗaya ya mamaye kwalbar yana korar kowa, ɗan mitsitsi da shi sai faɗa. Ki ƙara ta biyu a inda ba zai hango ta daga ta farko ba. Ki kuma nisanta su da inda kyanwa ke laɓewa.

Batun sha-kauci, kama ce kawai, ba dangi ba ne. Hamingbad iri sama da 300 ne, dukkansu a nahiyar Amurka, babu ko ɗaya a Afirka. Namu yakan sauka kan reshe ya sha furen kauci. Na Amurka kuwa yana kaɗa fiffike wajen sau 50 a daƙiƙa guda, har ya iya tashi da baya.